Taku Goma a Bakin Gulbi

Ƴan uwana ɗalibai, abin da na kawo muku a wannan fitowa ba na alfahari ba ne, don ni ne mai abin kunya a cikinsa. Na tanka wa mahaifina a gaban dattawan gari. Shekara ta zagayo, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, ina tambayar kaina shin gaskiya ce ta tashe ni tsaye ranar, ko kuwa rawar kan ɗan boko. Abin da ya haɗa mu kuwa ƙasa ce taku goma a bakin Gulbin Maraɗi.

Ƙauyenmu yana cikin ƙaramar hukumar Safo, gundumar Madarunfa, tsakanin garin Madarunfa da birnin Maraɗi. Wanda ya saba bin wajen ya san yadda fadama take da rani: tudu ya bushe ƙayau, kwari kuwa kore shar, zogale da tumatir da tattasai, injunan ban ruwa suna ta kuka tun asuba. Zogalen da kuke ci da ƙuli a ƙofar makaranta, mai yiwuwa daga wajenmu ya fito, ko Sumarana, ko Jiratawa. Garkarmu tana daf da gaɓa. Doguwa ce siririya, ta bi bakin gulbi kamar an warware rawani. Da can ba haka take ba. Rabon gado ya tsaga ta ta gefe guda, ruwa kuma yana gutsurar ta ta ɗaya gefen, kowace damina ɗan kaɗan.

Daminar 2024 ba ɗan kaɗan ta gutsura ba. Kun dai san abin da ruwa ya yi a jahar Maraɗi a shekarar nan, gidajen da suka faɗi da rayukan da aka rasa. A wajenmu gaɓa ce ta rufta daidai inda gulbi yake lanƙwasa, ta tafi da mangwaro biyu da rijiyar maƙwabcinmu. Da ruwa ya janye, maigari ya tara jama'a, aka kafa kwamiti, kwamiti ya zo da shawara. Kowane mai garka a bakin gaɓa ya bar taku goma kada ya noma, a dasa jema da gamba a wurin, a jera bagaruwa a bayansu. A hana masu amalanke ɗibar yashi a gindin kwanar. Sannan kada a ƙara ganin wani yana wanke famfon feshin maganin ƙwari a cikin ruwan da yake kwantawa a gulbi bayan damina, inda shanu suke sha, yara suke wanka.

Shawarar ba ta da aibu ta fuskar ilimi. Ruwa in ya zo kwana, ƙarfinsa gaɓar waje yake bugu, yana ƙwaƙule ƙarƙashinta har saman ya rasa madogara ya zube. Saiwa ce take riƙe ƙasa a irin wannan wuri. In an yi huɗa har bakin gaɓa an tuge ciyawa, sannan an kwashe yashin gindinta, to an yi wa ruwa rabin aikinsa. Ƙasar da ta zube kuwa ba ɓacewa take ba, gaba take yi, ta je ta cike wa wani hanyar ruwa ko ta binne masa shuka. Duk wannan na karanta shi, ina jin kaina a sama, ina jira a sa albarka a tashi.

Sai Baba ya gyara zama ya ce: "To, na ji. Amma ku tahi Jibiya tukuna ku gaya ma waɗanda sunka tare ruwa su bar muna namu taku goma. Ranar da sunka gina barajinsu, wa anka tambaya cikinmu? In sun bari, ni ma in bari."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce: "Baba, in kowa ya ce sai na sama da shi ya gyara, ai har gulbin ya mutu babu mai gyarawa."

Wuri ya yi tsit. Wani tsoho ya dubi ƙasa ya ce, "Yaro ya yi karatu." Duk ɗan ƙauye ya san wannan ba yabo ba ne. Baba bai ce uffan ba, ya ɗauki takalmansa ya tafi. Da dare Inna ta same ni a zaure ta ce: "Kai, ka san inda kuɗin ɗakin da kake kwana Maraɗi suke hitowa? Daga taku goman nan." Ba ta ƙara ba.

Tun daga daren nan nake juya tambaya guda: mutumin da na sama da shi ya cuta, shin akwai hakkin na ƙasa da shi a wuyansa? In akwai, wa zai biya kuɗin sauke hakkin?

Bari in fara ba Baba gaskiyarsa, don yana da ita. Gulbinmu daga Najeriya yake tasowa, a ƙasar Katsina, inda ake kiran sa Gada. A ƙarshen shekarun 1980 aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a kansa, mai iya riƙe sama da mita kubik miliyan 140. Ku tambayi duk wani tsoho a fadamar nan, zai gaya muku yadda ruwa yake malala da can ya rufe kwari, ya kwana biyu, ya janye ya bar laka mai taki, rijiyoyi su cika har a ɗebi ruwa da gajeren igiya. Wannan malalar ita ce take shayar da ƙarƙashin ƙasa. Yanzu igiya ta ƙara tsawo. Ba madatsar kaɗai ta jawo haka ba, fari na shekarun 1970 da 1980 ya yi nasa, injunanmu da suke zuƙar ruwa dare da rana su ma suna yin nasu, amma duk wanda ya tare gulbi a sama ya taɓa tukunyar na ƙasa. Gwamnatoci ma sun san da haka. A 1990 Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, kuma Gulbin Maraɗi yana cikin koguna huɗu da aka ambata. Sai dai manomin bakin gaɓa bai taɓa ganin yarjejeniya ta cika masa rijiya ba. Saboda haka in Baba ya ce ba a tambaye shi ba, ba ƙarya ya yi ba.

Inda na rabu da shi shi ne inda ya mai da cutar da aka yi masa ta zama lasisi. Ku ɗauki taswira ku bi gulbin nan da yatsa, za ku ga abin mamaki. Ya shigo Nijar ta kudancin Madarunfa, ya ratsa ta wajenmu, ya wuce gindin Maraɗi, ya bi ta Tsibiri da Gidan Rumji, bayan tafiyar fiye da kilomita 100 sai ya sake komawa Najeriya, ya faɗa Gulbin Rima. Daga can sai Goronyo, sai Sakkwato, sai Argungu inda ake bikin kamun kifi, har ya je ya haɗu da kogin Kwara. Wato mutanen da muke cewa sun tare mana ruwa ta sama, ƴan ƙasarsu ne suke shan abin da muka zubar ta ƙasa. Mu ma Jibiya ce ga mutumin Tsibiri. Shi ma Jibiya ce ga na Gidan Rumji. An rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, mutane sun sha wahala, kaya sun yi tsada, amma ruwa bai tsaya a duwan ya nuna takarda ba, haka ma guba da yashi da ledar da ya ɗauko. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A bakin gulbi abin ya ma fi haka, don kowa fuskarsa tana kallon inda ruwa yake fitowa, bayansa yana ga inda yake tafiya.

Akwai wani hukunci da na ji a bakin malaminmu na zaure tun ina yaro, ban gane nauyinsa ba sai yanzu. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a babin shari'ar ruwa. A Madina akwai ƙoramu da suke kawo ruwa in an yi sama, kamar dai namu gulbin, masu gonakin dabino suna rigima a kansu. Hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke shi ne na sama ya tare ruwa ya shayar da gonarsa har ruwan ya kai idon sawu, daga nan ya sake shi ga na ƙasa. Abu biyu suka tsaya mini a nan. Ba a hana na sama amfani da matsayinsa ba, shi ne ma aka ba farko. Amma an yanka masa iyaka, kuma ma'aunin a jikinsa yake, ba sai an kira wani da igiyar awo ba, ya dubi ƙafarsa kawai. Na biyun ya fi damuna: ba a ce ya saki ruwa in wanda yake sama da shi ya sakar masa ba. Hakkin na ƙasa da kai ba ya rataya ga halin na sama da kai. Wanda ɓarawo ya shiga gidansa bai sami izinin shiga gidan maƙwabci ba.

Har nan ina ganin ni ne da gaskiya, kuma da a nan magana ta ƙare da ban rubuta wannan ba. Maganar Inna ce ta hana ni barci, don ta taɓo wurin da ban duba ba.

Taku goma ba taku goma ba ne ga kowa. Wanda garkarsa ta miƙe daga gaɓa ta yi nisa cikin fadama, in ya bar taku goma gefen rigarsa kawai aka yanka. Tamu da ta kwanta a tsawon gaɓa, faɗinta duka bai fi taku talatin ba. Kashi ɗaya cikin uku ke nan, kuma shi ne mafi laima, inda zogale yake yin yanka bayan yanka. Sannan ku duba wa zai ci moriya. In gaɓa ta tsaya, waɗanda garkunansu suke bayan tamu su ne za su kwana da ido biyu rufe, don mu ne katangarsu. Da na zauna na ƙirga ƴan kwamitin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kusan dukansu a baya suke. Ba na ce mugunta suka shirya ba, mutanen kirki ne, wasunsu iyayena ne. Amma abu ne mai sauƙi ka yi kyauta da gonar wani. Ni ma abin da na yi ke nan: na tashi na yi wa'azin sadaukarwa da ƙasar da ban taɓa yi wa ban ruwa ba sai lokacin hutu, alhali ita take biya mini ɗaki da takardu. Baba bai iya tsara maganarsa ba, ya kama sunan Jibiya don shi ne a kusa da bakinsa. Abin da yake cikinsa shi ne: don mi kullum ni ne mai bari?

A aji an karantar da mu wani Ba'amurke, Garrett Hardin, wanda ya rubuta a 1968 cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa, don kowa zai ɗebi iyakar ƙarfinsa ya bar asara a kan kowa. Maganinsa, ko hukuma ta karɓe, ko a raba kowa ya san nasa. Mu ɗalibai muna son wannan magana, don tana sa mu ji mun fi mutanen ƙauye wayo. Amma wata mata, Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta bi duniya tana duba wuraren da abin bai lalace ba: masu ban ruwa a Nepal da Filifin, makiyaya a duwatsun Suwizalan, manoman Balensiya a Sifen waɗanda har yau kotunsu ta ruwa take zama kowace Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin, manoma suna yi wa manoma shari'a da baki. Cikin abubuwan da ta gano, akwai biyu da suka yi daidai da taronmu kamar tana wurin. Doka tana daɗewa in waɗanda za ta hau kansu suna cikin masu yanka ta, kuma in abin da mutum zai rasa ya yi daidai da abin da zai samu. Mu kuwa mun yanka doka mai kyau, muka ɗora nauyinta a kan mutum biyar, muka raba amfaninta ga mutum hamsin, sannan muna mamakin taurin kan biyar ɗin.

Ba sai mun je Sifen ba ma. Nan jahar tamu aka yi abin da duniya take zuwa kallo. A farkon shekarun 1980 gonakin tudu sun zama fili fetal, manomi yana share kowane tsiro kafin shuka, don itace a lokacin na hukuma ne, in ka bar shi ya girma a gonarka ka taɓa shi ƴan gandun daji su ci ka tara. Wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin Maraɗi suka fara abin da muke kira sassaben zamani: kada a tuge kututture, a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Babu sabon iri, babu ban ruwa. Abin ya bazu da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, dokar gandun daji ta 2004 ta zo ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram. Gawon da kuke gani cikin hatsi yau, ba wa'azi ya tsirar da shi ba. Sai dai a nan ne gulbi ya fi itace wuya. Gawo yana tsaye inda ka bar shi, inuwarsa da takinsa naka ne. Ruwa kuwa wucewa yake. Alherin da ka yi masa wani ne zai sha a Tsibiri, wanda ba zai taɓa sanin sunanka ba balle ya ce an gode.

Kada kuma mu ɗora komai a kan masu bakin gaɓa. Yashin da yake cike gulbi, mafi yawansa daga tudu yake gangarowa. Gona in ta tsiraita, ruwan sama ba ya nutsewa, gudu yake, ya tsaga kwazazzabo, kwazazzabo ya kwaso rairayi ya juye a kwari. Abin da yake cin Tafkin Madarunfa ke nan a hankali, tafkin da mutane suke zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 a kewayensa, wanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Suna a takarda ba ya hana yashi gangarowa. Mai gona a tudu da ya bar sabara da kalgo da geza a gonarsa yana tsaron tafkin fiye da allon da aka kafa a bakinsa. Mu ƴan birni ma muna ciki. Maraɗin da muke zaune a kan tudu take, kuma ambaliyar 1945 ce ta kore ta daga kwari ta hau nan. Duk abin da muka jefa a lambatu, in an yi ruwa, ƙasa yake yi, ƙasa kuwa gulbi ne. Bulon ɗakin da nake haya ma, in an bi sawunsa, ba zan yi mamaki ba in yashinsa daga gindin wata gaɓa aka kwaso shi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Wani abu kuma da ya kamata mu matasa mu faɗa wa kanmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Da aka sa ranar jera buhunan yashi a kwanar, samari da yawa sun tambaya, "Nawa za a biya?" Sun saba da furoje: a haƙa rabin wata a fako, a rubuta suna, a karɓi jika ɗaya da wani abu da yamma. Ba na zagin wannan kuɗi, ya ceci gidaje da yawa a shekarun yunwa, namu ma ya taɓa ci. Amma ya koya mana cewa gyaran ƙasa aikin mai farar mota ne, mu ƴan ƙwadago ne a garinmu. Kakanninmu da gayya suke yin irin wannan aiki, a buga ganga, a dama fura, a gama kafin azahar. Ranar buhunan nan tsofaffi sun fi samari yawa. Ni ma ban je ba, ina Maraɗi wai ina da jarrabawa.

Yadda aka warware tamu rigimar, ba daga littafi ta fito ba. Mata ne. Inna da wasu ƙawayenta masu sayar da dafaffen zogale, waɗanda ba a gayyata taron ba tun farko, suka aika wa maigari ta bakin matarsa. Suka ce ƙasar da aka bari ta ci gaba da zama ta mai ita, kada wani ya wayi gari ya ce ta gari ce. Gamba da jemar da za su fito, mai wurin ne zai yanka ya saƙa zana ko ya sayar, muddin bai tuge saiwa ba. Bagaruwa in ta yi ƴaƴa, majema suna saye, shi ma nasa ne. Sannan duk wanda garkarsa take bayan ta masu bakin gaɓa ya kawo tiya biyu ta hatsi da kaka, a raba wa waɗanda suka bari, har shekara uku kafin ciyawar ta fara biyan kanta. Wato katanga ta kowa ce, to kowa ya kawo tubali.

An yi ta ja. Wani ya ce shi bai ga dalilin da zai biya mutum don ya bar abin da ruwa zai ƙwace ko da ƙarfi ba. Magana ce mai zafi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, don in Baba bai bar taku goma ba gulbi yana iya karɓar ashirin. Amma aka ce masa, in ya karɓi ashirin na wancan, baɗi ƙofarka zai ƙwanƙwasa. A ƙarshe Baba ya bar taku shida. Ya ce goma ba ta yiwuwa, in ana so a karɓa, in ba a so a bari. Aka karɓa. Ni da na tashi a taro da goma a bakina, na ji shidan nan kamar an kayar da ni. Yanzu ina ganin shida da mai wuri ya yarda da ita ta fi goma da za a tsaya a kansa da sanda, wadda zai huɗe ranar da mai sandan ya yi tafiya.

Batun wanke famfon feshi kuwa, ba ni na sa ya daina ba, ba kwamiti ba, ba kuma tausayin mutanen Tsibiri ba. Wani Bafillace ne da yake shayar da shanunsa a ƙasa da mu kaɗan ya zo har garka ya yi sallama, suka gaisa, ya ce maraƙinsa biyu sun kwanta bayan sun sha ruwan nan, bai zo neman biya ba, ya zo ne dai a sani. Tun ranar Baba yake haƙa ɗan rami nesa da gaɓa yana zuba ruwan wankin. Wannan ya tsaya mini a rai. Na yi masa hujja da taswira bai motsa ba, mutum ɗaya ya zo da fuskarsa ya motsa. Ina jin matsalar gulbi ke nan gaba ɗaya: na ƙasa ba shi da fuska a wurin na sama. Na taɓa raya wa a zuciyata, da mu ɗaliban da muka fito daga garuruwan bakin gulbin nan, na Madarunfa da na Safo da na Tsibiri da na Gidan Rumji, har da ƴan uwanmu na Jibiya, za mu riƙa kai iyayenmu ziyara garkunan juna, wataƙila da ya fi takarda goma irin wannan amfani. Na faɗa wa abokai biyu, ɗaya ya ce kuɗin mota fa.

Ba kowa ya kawo tiyarsa ba. Da kakar farko mutum goma sha ɗaya suka kawo, sauran suka ce sai baɗi. Masu amalanke sun bar kwanarmu sun koma ta gaba, wadda take cikin ƙasar wani ƙauye, kuma babu wanda ya aika musu da gargaɗi, har da ni. Daminar bana ruwa ya ɗan ci gefen da jema ba ta kama ba, inda ta kama ya tsaya. Zogalen da muka rasa ya rage kuɗin gida, na koma ɗaki ɗaya da wani abokina muna raba haya.

Ban taɓa ba Baba haƙuri da baki ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Da na je hutun nan, da asuba ya tashe ni ya miƙa mini adda ya ce, "Tashi ka saro ƙaya, awaki na cin bagaruwarka." Bagaruwarka ya ce. Cikin arba'in da aka dasa, goma sha bakwai ne suke da rai. Na yi musu shinge har rana ta take, yana can gefe yana juya ruwa cikin fangali, bai dube ni ba. Da zan koma Maraɗi ya ce in biya ta gidan wani daga cikin waɗanda ba su kawo hatsinsu ba, in gaishe shi, kada in ce komai, in dai tabbata ya gan ni.